Waliyyin da Ya Fara da Mugunta

Ranar 26 ga Janairun 1984, wani dattijo mai shekara 66 ya shiga ɗakin shirye-shiryen talabijin a birnin Meziko, kansa da fuskarsa duk a rufe cikin takunkumi mai ruwan azurfa. Irin takunkumin nan ne da ake zurawa kamar hula har wuya, a ɗaure da igiya ta ƙeya, ba a ganin komai sai ido da hanci da baki ta 'yan ƙofofi. Shirin da aka gayyace shi sunansa Contrapunto, mai gabatarwa kuma Jacobo Zabludovsky ne, ɗan jaridar da kowa a ƙasar ya san muryarsa. Ana cikin hira a kan kokawar da suke kira lucha libre, ana ja a kan ko wasan ƙarfi ce ko wasan kwaikwayo, sai dattijon ya kai hannu haɓarsa, ya ɗage takunkumin sama. Bai cire shi duka ba, bai kuma daɗe ba. 'Yan daƙiƙoƙi ne, ya mayar.

Abin da mutane suka gani fuskar tsoho ce kawai, irin wadda za ka wuce a kasuwa ba ka waiwaya ba. Amma shekara 42 ke nan ana jiran ganinta. Bayan kwana goma, mai fuskar ya rasu.

Sunan yankansa Rodolfo Guzmán Huerta. An haife shi ranar 23 ga Satumban 1917 a Tulancingo, cikin jihar Hidalgo, shi ne na biyar a cikin 'ya'ya bakwai. Yana ƙarami iyayensa suka koma babban birni, suka sauka a Tepito, unguwar talakawa da 'yan kasuwar bakin titi, unguwar da ta fitar da 'yan dambe da yawa domin yaro ba ya girma a can bai iya kare kansa ba. Yayansa Miguel ya riga shi shiga kokawa, yana wasa da sunan Black Guzmán. Rodolfo ya bi sawunsa a tsakiyar shekarun 1930.

Ya zo a kan gaɓa. A 1933 wani tsohon soja mai suna Salvador Lutteroth, wanda ya ga irin wannan kokawa a Texas ta Amurka, ya kafa kamfanin shirya wasanni a birnin Meziko. Kamfanin nan har yau yana nan, ana kiransa CMLL, kuma babu kamfanin kokawa a duniya da ya kai shi daɗewa. Cikin 'yan shekaru aka gano cewa mutanen birnin suna da wani irin ƙawa ga ɗan wasan da ya rufe fuska. Idan ba ka san mutum ba, kana iya ɗora masa duk labarin da ka ga dama.

Rodolfo ya sha wahalar samun suna. Ya yi wasa a matsayin Rudy Guzmán, ba wanda ya kula. Ya zama El Hombre Rojo, wato Jan Mutum. Ya gwada Murciélago na Biyu, wato Jemage na Biyu, sai mai sunan na asali, Jesús Velázquez, ya kai ƙara hukumar da ke kula da dambe da kokawa, aka hana shi. A 1942 wani mai shirya wasa, Jesús Lomelí, yana haɗa 'yan kokawar da za su riƙa fitowa cikin kayan azurfa, ya ajiye masa sunaye uku ya zaɓa: Shaiɗan, ko Mala'ika, ko Waliyyi. Ya ɗauki na ukun, wanda a Sifaniyanci shi ne El Santo.

Abin dariyar shi ne, wannan Waliyyi mugu ne.

A nan sai an fahimci yadda wasan yake. Kowane ɗan kokawa a Meziko yana ɗaya daga ɓangare biyu. Akwai técnico, gwani, mai wasa da ƙa'ida, wanda ke nasara da dabara da saurin jiki, ya taka igiyar dandali ya yi tsalle ya faɗo kan abokin karawa kamar shirwa. Akwai kuma rudo, ɗan tauri mai keta, wanda ke tsokale ido, ya yi cizo, ya kai duka ƙasan cibiya idan alƙali ya juya baya, ya kira abokansa su yi wa mutum ɗaya taron dangi. Masu kallon fim a wajenmu za su ce jarumi da bos. Sau da yawa ma alƙalin wasan da kansa ɗan ɓangaren miyagu ne: idan mugu ya danne jarumi ya ƙirga uku da sauri, idan jarumi ya danne mugu sai ya tsaya gyara ɗamara. Mutumin da ya wuni yana fama da ɗan sanda mai karɓar na goro da ma'aikacin ofis mai ɓoye takarda, idan ya zo da daddare ya ga alƙali yana wannan, ba ya buƙatar a yi masa fassara. Zai miƙe ya zazzaga masa zagin da bai iya yi wa na waje ba. Ana yin wasa turmi uku, wanda ya ci biyu ya yi nasara, kuma kowa ya san an tsara wanda zai ci tun kafin a fito. Faɗuwar dai ta gaske ce, karayar ƙashi ma haka.

To a wannan ɓangare na miyagu El Santo ya fito a tsakiyar 1942, kuma ya iya aikinsa. Dukansa babu tausayi, ƙa'ida kuma sai wadda ta yi masa daɗi. Ya haɗu da Gory Guerrero, suka zama tagwayen masifa da ake kira La Pareja Atómica, suna bin garuruwa suna farfasa kawunan jarumai. A wajen Guerrero ya samo kamun da ya zama tambarinsa, la de a caballo, inda zai kifar da mutum rubda ciki, ya haye gadon bayansa kamar doki, ya sarƙe hannu a haɓarsa ya ja baya har sai ya ce ya tuba. Jama'a suna zaginsa, suna kuma cika ɗakin wasa don su zage shi.

Babban abin da ɗan kokawa ya mallaka a Meziko ya wuce kambu. Takunkuminsa ne. Idan ana cikin wasa ka fizge na abokin karawarka, alƙali zai ba shi nasara nan take, shi kuma zai kife fuskarsa a ƙasa yana rufewa da hannu har a jefo masa tawul. Hanya ɗaya ce ta halal ta raba mutum da takunkuminsa, ita ce wasan caca da suke kira lucha de apuestas. Idan gaba ta yi tsami tsakanin mutum biyu, wata da watanni ana cin amana ana ramuwa, sai a sa rana: takunkumi da takunkumi, ko takunkumi da gashin kai. Mai gashi idan ya faɗi, a yi masa ƙwalƙwal a tsakiyar dandali. Mai takunkumi idan ya faɗi, ya kwance igiyar da hannunsa, ya miƙa wa wanda ya kayar da shi, sannan a sanar da sunansa na gaskiya da garinsu da shekarun da ya yi yana wasa. Hukuma tana rubutawa. Wasan kwaikwayo ne, amma wannan asarar ba ta dawowa. Jemagen nan da ya hana Rodolfo sunansa, shi kansa haka ya rasa nasa takunkumin a 1940 a hannun Octavio Gaona.

Ranar 7 ga Nuwamban 1952 El Santo ya sa nasa a caca da wani da ake kira Black Shadow, ɗan wasa mai laushin jiki da har ake masa laƙabi da mutumin roba. An yi wasan a Arena Coliseo, ɗaki ya cika ya batse, jama'a da yawa suka rage a titi babu wurin shiga. El Santo ya yi nasara. Black Shadow ya cire takunkumi, aka ji sunansa Alejandro Cruz. Cunkoson wannan dare yana cikin abin da ya nuna wa Lutteroth cewa ɗakinsa ya yi kaɗan, ya gina sabon Arena México da aka buɗe a 1956, mai ɗaukar mutum sama da 16,000.

Black Shadow yana da abokin wasa da ake tallata su a matsayin 'yan'uwa, Blue Demon, Shuɗin Aljani. Shi ya ɗauki fansa. A 1953 ya kayar da El Santo ya ƙwace masa kambun duniya na ajinsu. Daga nan gabar mutanen biyu ta kafu, ta azurfa da ta shuɗi, kuma ba duka ba ce ta dandali. Blue Demon ya rayu yana ganin shi ne ya fi iya kokawa, mutane da yawa da suka san wasan kuma sun yarda da shi. Sai dai duniya ba ta raba suna da ma'aunin iyawa.

Abin da ya juya rayuwar El Santo bai faru a dandali ba. A 1952 wani mai buga mujallu, José G. Cruz, ya fara fitar da labarin El Santo cikin hotuna, ana ɗaukar hotonsa na gaske a manna shi cikin zane. A cikin mujallar, Mai Takunkumin Azurfa yana ceton marayu, yana kama 'yan fashi, yana yaƙi da mayu da fatalwa. Mujallar ta yi kasuwa ƙwarai, ta yi shekaru masu yawa ana buga ta. Sai aka shiga wani yanayi mai ban mamaki: yaro zai karanta da rana cewa El Santo ne mai kare raunana, da daddare uba ya kai shi kallo, ya ga wannan El Santo ɗin yana tsokale wa bawan Allah ido. Yaran suka ƙi yarda da idonsu. Suna masa tafi yana mugunta.

Fim ya ƙara dagula lissafin. Da farko an yi masa tayin fim mai sunan laƙabinsa, Mai Takunkumin Azurfa, ya ƙi, don bai ga alamar zai yi kasuwa ba, aka ba wani ɗan kokawa da ake kira El Médico Asesino. Sai a ƙarshen 1958 abokinsa Fernando Osés ya shawo kansa suka tafi Kyuba suka ɗauki finafinai biyu da ɗan kuɗi kaɗan. Suna gamawa suka tattara kayansu, ba a jima ba dakarun Fidel Castro suka shiga Havana. Daga 1961 finafinan suka fara fitowa a jere, ya yi sama da 50 kafin ya daina. A ciki yana da ɗakin bincike a ɓoye da mota mai buɗaɗɗen sama, 'yan sanda suna kiransa idan abu ya fi ƙarfinsu. Ya yi faɗa da mata masu shan jini a fim ɗin 1962 da ya fi kowanne suna a ƙasashen waje, ya yi da gawarwakin da suka tashi, da mahaukatan likitoci, da baƙi daga duniyar Mars. Gaskiya finafinan ba su da wani kyau. Ana ganin zaren da ke riƙe da jemagen roba, kuma a tsakiyar labari sai a tsaya a nuna wasan kokawa cikakke don a cike lokaci. Yawanci ma muryar da ake ji ba tasa ba ce, wani ne ke ɗora masa magana. Fuska a rufe, murya ta aro, amma layi har bayan sinima.

Haka aka yi ta tafiya har 1962, lokacin da masu shirya wasa da shi kansa suka sallama. Shekara 20 yana mugu, ya koma ɓangaren jarumai, bai sake fita ba har ya bar dandali. Hausawa sun ce suna linzami. Da farko sunan kamar gatse ne, amma jama'a suka ɗauke shi da gaske har suka ja mai shi ya bi.

A ganina wannan ne ya bambanta labarinsa da na sauran taurari. A wannan wasa mai shiryawa yana rubuta wanda zai ci da wanda zai faɗi, amma ba shi da iko a kan wanda za a so. Yakan fito da mutum a matsayin jarumi, a yi masa ihu har a kore shi. A ɗakunan wasan Meziko akwai rukunin 'yan kallo da aikinsu ke nan, goyon bayan miyagu, suna da gangunansu da tutocinsu. Idan wasa ya yi daɗi kuwa, ba ruwan kowa da wanda ya ci, sai a yi ta jefa kuɗi cikin dandali, 'yan wasan su tattara su raba.

Zama waliyyi kuma yana da tsada. Mugu yana iya cire kayan aiki ya tafi gida, shi kuwa El Santo ya ɗaure wa kansa cewa ba za a taɓa ganinsa ba takunkumi ba. Da shi yake zuwa taro, da shi yake hira da 'yan jarida, da shi yake zama a wurin ɗaukar fim ko da an kashe kyamara. Yana da na musamman mai buɗaɗɗiyar haɓa don cin abinci a gaban mutane. Idan za a yi tafiya ƙasar waje, yakan hau jirgi dabam da na abokan aikinsa, don kada su ga fuskarsa a inda jami'an shige da fice za su ce ya nuna ta. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna aiki da shi, da za su haɗu da Rodolfo Guzmán a layin burodi ba za su gaishe shi ba. Wannan kuma wani 'yanci ne da taurari kaɗan suka samu: idan yana son hutu, sai ya cire fuskar da aka sani, ya fita da tasa.

Ya sa takunkumin nan a caca sau da yawa, da miyagu iri-iri, ba a taɓa karɓe shi ba. Ko a fim ba a bari ya faɗi. Akwai wanda aka yi a garin Guanajuato a kan gawarwakin da suka tashi, inda Blue Demon da wani ɗan kokawa, Mil Máscaras, suka yi ta fama tun daga farko, sai dab da ƙarshe El Santo ya iso ya gama da abokan gaba, ya kwashe yabon. Blue Demon bai ji daɗin wannan ba, bai kuma ɓoye ba.

Jiki dai ba ya sanin waliyyi. Ya haura shekara 60 da haihuwa yana hawa dandali, zuciyarsa ta fara ba shi matsala, har ta taɓa bugawa ana tsakiyar wasa da wasu matasan miyagu uku da ake kira Los Misioneros de la Muerte, wato Manzannin Mutuwa. Wannan ya ƙara musu baƙin jini da kasuwa a lokaci guda, domin sun zama yaran da suka kusa kashe El Santo. Ranar 12 ga Satumban 1982, saura kwana 11 ya cika 65, ya yi wasansa na ban kwana a El Toreo de Cuatro Caminos. A gefensa akwai tsohon abokin muguntarsa Gory Guerrero, da Huracán Ramírez, da El Solitario. A ɗaya gefen, Manzannin nan uku ne tare da Perro Aguayo.

Bai iya zaman gida ba. Matarsa ta riga ta rasu, shi kuma bai san wata rayuwa ba sai ta gaban jama'a. Ya koma gidan wasa na Teatro Blanquita yana nuna dabarun kuɓuta daga ɗauri, da takunkuminsa. A cikin wannan lokaci ne ya je shirin Zabludovsky ya yi abin da ya yi. Bai sanar da kowa zai yi ba. Shekara 42 manyan ƙarti suna neman wannan fuska da ƙarfin tsiya ba su samu ba, ga shi ya nuna ta a kyauta, ba caca, ba alƙali. Mutanen Meziko har yau suna ɗaukar abin a matsayin sallama.

Ranar 5 ga Fabrairun 1984, yana Teatro Blanquita, ciwon ƙirji ya kama shi. Aka garzaya da shi asibiti, a daren ya cika. Dubban mutane suka fito jana'izarsa, tituna suka toshe. 'Yan kokawa suka zo da baƙaƙen kaya da takunkumansu, cikinsu har da Blue Demon da Mil Máscaras. Kamar yadda ya bar wasiyya, da takunkumin azurfa a fuskarsa aka sa shi a makwancinsa a Mausoleos del Ángel. Da Blue Demon ya rasu a Disambar 2000, shi ma da nasa shuɗin aka binne shi.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Autan El Santo ya riga ya fara wasa tun 1982 da sunan El Hijo del Santo, Ɗan Waliyyi, da irin takunkumin uban sak, kuma a wajen iya kokawa da yawa suna cewa ya fi uban. Ya shekara 14 yana jarumi. A Nuwamban 1996, a Arena México, masu shirya wasa suka gwada abin da ba wanda ya zata: Ɗan Waliyyi ya fito tare da miyagu biyu, Scorpio Jr. da Bestia Salvaje, ya rufe tsohon abokin hamayyarsa Negro Casas da duka irin na rashin imani. Ɗakin ya hargitse, 'yan kallo suka fusata kamar an zagi iyayensu. Kasuwa ta buɗe, kujeru suka riƙa cika duk Juma'a. Amma ba a yi nisa ba sai ga tsohuwar matsalar ta dawo: yana keta, wasu na masa tafi, yara na zuwa da ƙananan takunkuman azurfa da aka saya musu a bakin ƙofa. A 1998 aka shirya miyagun abokan nasa su juya masa baya su yi masa taron dangi. Wanda ya rugo ya cece shi Negro Casas ne. A shekarar da ta biyo baya su biyun suka haɗu suka kara da Scorpio Jr. da Bestia Salvaje a wasan caca, suka raba na farko da takunkuminsa, aka aske na biyun a tsakiyar dandali.